Geron Kawu Ɗalha na Tsallake

Da aka sallame sallar asuba ranar Larabar nan, Kawu Ɗalha bai tsaya gaishe-gaishen ƙofar masallaci ba. Na iske shi a turke yana ɗora wa shanunsa biyu karkiya, tocila a baki, yana laluben wuyan jan sa inda itace ya ci masa fata. Ya shafa masa man kaɗe, ya ja igiya, sannan ya gyara 'yar tutar da ke soke a gaban amalanke, kore da fari da kore, wadda rana ta ci har koren ya dushe.

"Haladu, ka makara," ya ce. "Hau mu tafi, gero na jira."

Ni ɗan dako ne a kasuwar Maigatari, shekara ashirin da biyu ina ɗaukar buhun wani a kaina. Idan kaka ta yi nakan bi Kawu gona in taya shi lodi, ya ba ni dami biyu. Ba kawuna ba ne na jini. Duk Ɗorawar Jatau haka muke kiransa.

Ya haura sittin a lokacin. Bai yi boko ba, bai taɓa wuce Kano ba. Aikinsa amalanken shanu: taki, bulo, ruwa, amarya da kayanta, mara lafiya zuwa asibiti, wani lokaci a dawo da gawa. Baki goma sha ɗaya ke ci a gidansa, har da matar ɗansa da ya rasu da 'ya'yanta huɗu. Gonarsa ta bayan gari ta gaji, ko wata uku ba ta riƙe su. Abin da ke riƙe gidan gonar da ya gada wurin ubansa Malam Sha'aibu ce, tafiyar sa'a biyu arewa da mu. Tsakaninmu da ita akwai wani guntun siminti da awaki ke soso a jikinsa. Shi ne iyaka. Gonar tana cikin Nijar, kuma ƙauyen da ke kusa da ita nan aka haifi matarsa Sabuwa. Kawu bai taɓa cewa zai je wata ƙasa ba. Cewa yake zai je gona.

Shekarar da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin can, gonar ta yi dami arba'in. Ya fid da zakka huɗu nan take, ya raba wa mabuƙatan ƙauyen kamar yadda ubansa ke yi. Saura talatin da shida, sawu biyu na amalanke. Abincin shekara ke nan.

Akwai wani mutum da ke rubutu a Fesbuk da sunan Baban Sharifa. Babu wanda ya taɓa ganinsa a cikinmu. Kullum maganarsa kishin ƙasa, da 'yanci, da yadda yaran zamani suka watsar da halin iyaye. Nasrullahi mai shagon cajin waya, magidanci ne mai 'ya'ya biyar, shi ke karanta wa mutane bayan la'asar a rumfarsa. Kawu ba ya fashi. Yakan tsugunna da bulalarsa a hannu yana gyaɗa kai, har tutar nan saboda mutumin ya saye ta. Ni dai ina zama ne don inuwa.

Ranar Lahadi, kwana uku kafin tafiyarmu, Nasrullahi ya karanta wannan:

"'Yanci ba ihu a titi ba ne. 'Yanci shi ne magidanci ya ci guminsa, ya riƙe gadon ubansa, kada ya miƙa wa kowa hannu. Kishin ƙasa kuwa biyayya ce ga doka ko da ta yi ɗaci."

Kawu ya miƙe tsaye. Rabin farko ya ji, na biyun ya wuce ta bayan kunnensa.

"Wallahi da ni yake! Nasuru, rubuta masa amsa."

"Kawu, a sa suna?"

"Ni ɗan halak ne. Sa nawa, sa na ubana."

Shi a saninsa, idan mutum zai yi magana a bainar jama'a, yi yake kamar masu aika gaisuwa gidan rediyo: suna, sunan uba, gari, kusa da gidan wane. Haka ya shifta, Nasrullahi na dannawa. Ni ne Ɗalha Sha'aibu mai amalanke, Ɗorawar Jatau, bayan masallacin Juma'a. Ina gaida Baban Sharifa da iyalinsa. Maganarka gaskiya ce. Ban taɓa roƙon kowa ba. Gadon ubana yana tsallake, na noma, na fid da zakka na ba mutanen can, kuma in Allah ya kai mu Laraba da hantsi zan ɗauko gerona ta burtalin Ɗorawa. Allah ya ɗaukaka ƙasarmu.

Washegari ya dawo jin amsa. Nasrullahi ya karanta masa guda biyu. Wani daga Ɗanzomo ya ce Allah ya yi wa baba albarka. Wata mata ta ce irinsu ne suka rage. Kawu ya tafi gida yana murmushi. Sauran ɗari da wani abu Nasrullahi ya gani ya haɗiye, wai kada ya ɓata wa dattijo rai. Sai bayan komai ya wuce na matsa masa ya karanta min.

Baban Sharifa da kansa ya ɗauko maganar ya kafa a sama, ya rubuta: "Ga ciwon da muke faɗa. Mutum na taka doka yana kiran sunan ƙasa." A ƙarƙashi masu karatu suka yi ta zuba. "Tsoho ɗan fasa-ƙwauri." "Zakkarsa ma baƙi yake ba, mu nan ba mu da mayunwata?" "A bincika, ƙila ba ɗan ƙasa ba ne." "Ai ya ba da adireshi, ya hutar da mu." Wani daga Gagarawa Tasha ya ce ku ji tsoron Allah, gonar gado ce. Aka ce masa shi ma ya tattara ya bi shi.

Ba mu san da wannan ba muka tafi. Muka loda dami goma sha takwas. Kawu yana da irin ɗaurinsa, da kaba yake yi, ƙulli biyu sannan ya tura bakin a ƙarƙashi, ko dami ya faɗo daga amalanke ba ya kwancewa. Muka sha fura a gidan wan Sabuwa, muka juyo.

Mun wuce simintin da kaɗan muka gan su a gindin ɗorawa. Mutum takwas, babura huɗu da a-kori-kura ɗaya, duk da riguna iri ɗaya da aka buga wa Masu Kishin Ƙasa a ƙirji. Ba ma'aikatan kowa ba ne. Masu karatun Baban Sharifa ne da suka haɗa kansu. Na gabansu Abdulfatah, mai sayar da fetur a kwalba a hanyar Gumel. Kowa ya san jarkokinsa ta wannan burtalin suke bi. Wayarsa na sama tun kafin mu iso.

"Tsaya nan, Baba! Daga wace ƙasa?"

Kawu ya ja igiya. "A'a, ɗan Rabi ne? Daga gona. Ya jikin tsohuwar?"

Kawu ne ya kai Rabi, uwar Abdulfatah, asibiti a wannan amalanken da damina, lokacin da mota ba ta shiga garinmu.

"Ba gaisuwa muka zo ba. Kai ne ka rubuta za ka karya doka, ko ba kai ba ne?"

"Ni na rubuta zan ɗauko gerona."

"Kun ji ko? Ya amsa da bakinsa!"

Wani dogo a cikinsu ya fizge tutar daga gaban amalanke ya danƙa masa. "Riƙe. Tunda kai mai kishi ne, yi mana taken ƙasa."

Kawu ya riƙe tutar da hannu biyu. Ya buɗe baki, ya rufe. Bai san kalma ɗaya a ciki ba, da Turanci ake yi.

"To yi na can, ƙila shi ka iya!"

Suka fashe da dariya. Ɗaya har da riƙe ciki yana dukan kujerar babur. Suka sa shi ya cire hula, ya kalli waya, ya ce ya tuba ya ci amanar ƙasa. Ya ce ba zai faɗa ba. Dogon ya ɗaga gora ya sauke a wuyan jan sa, daidai kan gyambon. San ya durƙusa, karkiya ta karkace. Dogon ya sake ɗaga gorar.

"Na tuba," in ji Kawu.

"Ƙara murya, Baba, iska na kaɗawa."

Ya ƙara.

Abdulfatah ya ce geron shaida ne, za a kai shi sama. Ya juyo kaina. "Kai ɗan dako, me kake jira? Aikinka ne."

Zan so in rubuta cewa na ƙi. Su takwas ne da gorori, ni da igiya a hannu. Ni na sauke dami goma sha takwas daga amalanken Kawu, ni na jera su a motar, kuma na jera su da kyau don hannuna bai iya jeri mara kyau ba. Kawu na tsaye da tuta a hannu yana kallona. Bai taɓa tayar min da wannan maganar ba, ranar ko bayanta.

Kafin mu iso gida hoton ya riga mu. A rumfar Nasrullahi an taru ana kallo, ana mayarwa baya wurin da ya buɗe baki ya rufe. Mai unguwa ya aika a kira Abdulfatah, shi kuwa ya ce yana da uzuri, kuma geron ya wuce hannunsa. Ina ne saman da aka ce za a kai shi, babu wanda ya faɗa. Bayan kwana biyar aka kira ni ɗaukar buhuna a wani kango bayan gidan su Abdulfatah. Mata na sussuka. A gefe ga tarin kaba an yanke da wuƙa, kowace da ƙulli biyu, baki a ƙarƙashi. Ba su iya kwancewa ba. Na ɗauki buhunan. Na gaya wa mai unguwa, ya ce zai duba.

Baban Sharifa ya yi layi biyu a kan abin. Ya ce shi bai aiki kowa ba, amma akwai darasi a ciki ga masu hankali. Mutum ɗari uku suka danna alamar so. Washegari ya koma maganar yadda mata suka daina girmama mazajensu.

Kawu ya je rumfar sau ɗaya bayan nan. Ya ce Nasrullahi ya rubuta wa mutumin cewa an yi kuskure, gonar gado ce, a taimaka a dawo masa da abincin yara. Nasrullahi ya rubuta. Amsar farko da ta shigo cewa ta yi, "Tsohon bai daddara ba." Ta biyu hoton fuskarsa ne an ɗora masa hular jandarma, irin ta jami'an tsaron Nijar. Wannan karon Nasrullahi ya nuna masa. Kawu ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan ni ne?" Ya miƙa wayar ya fita.

Daga nan aiki ya ɗauke. Masu bulo suka koma wa wani, don kada a ɗauke su hoto tare da shi. A majalisa ana ce masa Kawu Jandarma, yana wucewa ana sara masa. Waɗanda ke yi ɗin duk ya taɓa ɗaukar musu wani abu kyauta. Su Abdulfatah kuwa suka mai da gindin ɗorawa wurin zamansu, suna jiran sawu na biyu. Dami goma sha takwas na can gidan wan Sabuwa, ba hanyar kawo su. Rumbun nan gida Sabuwa ta share shi har ƙasa. Na ga jikokin suna cin tafasa da ƙuli da rana tsaka, ba tuwo. Na kai musu kwano biyu na dawa. Sabuwa ta karɓa ba ta dube ni ba.

Kwana goma sha tara bayan Larabar, da azahar, na ga amalanken a ƙofar gidansa. Tukwane, tabarmi, turmi, akwatin ƙarfe, kaji uku a kwando. Sabuwa da matar ɗan da yaran a sama.

"Kawu, ina zuwa?"

"Gero ya kasa zuwa wurin yara. Zan kai yara wurin gero."

"Sai yaushe?"

"Kama min wannan igiyar."

Na kama, na ɗaure. Na bi su a ƙasa har burtali, ba wanda ya ce in zo, ba wanda ya ce in koma. A gindin ɗorawa mutum uku ne ranar. Suka leƙa kayan, ba abin ɗauka. Dogon ya ɗaga waya yana cewa, "Jama'a ku gani, baƙo ya koma gida. A gaida Faransa, Baba!" Kawu bai juya ba.

Daidai simintin jan sa ya tsaya, ya ƙi gaba. Gyambon ya buɗe, jini na bin igiya, ƙudaje sun taru. Kawu ya sauko. Ya duba cikin kayan bai ga tsumma a kusa ba. Ya zare tutar daga sandarta, ya ninka ta huɗu, ya ɗaga karkiya da kafaɗarsa ya shimfiɗa ta a kan ciwon, ya sauke a hankali. Ya jefar da sandar, ya kama igiyar hanci, ya ja shanunsa suka wuce.