Babban Yatsan Ƙanena

Ni aka cire daga makaranta a aji huɗu aka miƙa wa fartanya. Ƙanena aka bari ya ci gaba har ya zama malami. Wannan magana na riƙe ta shekara talatin, kuma ranar da na zazzage wa Inna ita a tsakar gidanmu na Gwandu ban rage komai ba. Na kwashe iyalina na koma Kalgo noman shinkafa. Da ciwonta ya yi tsanani an aiko mini sau biyu, na ce sai na gama dashe. Na iso an riga an dawo daga maƙabarta.

Bayan sadakar bakwai ƙanena ya same ni a zaure. Ya ce Inna ta bar mini magana, ya ɗauki muryarta a waya kwana biyu kafin ta cika.

"Riƙe abinka, Malam," na ce. Malam nake ce masa in ina son in ci masa fuska.

"Ba nawa ba ne, Yaya. Kawo wayarka."

Ya buɗe mini ma'ajiya a intanet, irin wadda ko waya ta ɓace abin da ke ciki yana nan, ya zuba muryar a ciki, ya goge ta daga tasa. Ya ce shi kansa fita ya yi ya bar ta da wayar, bai san abin da ta faɗa ba. Sannan ya ce kalmar sirri kaɗai ba ta isa, sai an yi kulle biyu: ka rubuta kalmar, wayar kuma ta shaida kai ne da zanen yatsanka. Na ɗora babban yatsa. Ta ƙi. Na goge a riga, na sake. Ta ƙi. Laka da lauje sun cinye zanen, sai faso.

"Wanga yatsa naka ko kofaton jaki," ya ce yana dariya.

"Kofaton ne ya biya maka kuɗin alli."

Ya daina dariyar. Sai ya ɗaura kulle na biyu a tasa wayar. In an nemi shiga ma'ajiyata daga wata sabuwar waya, tasa za ta yi ƙara, ya ɗora yatsansa, ƙofa ta buɗe. Akwai kuma wasu lambobi na ko-ta-kwana masu buɗe ƙofar ko ba yatsansa, ya ce in adana su a takarda. Na ce takarda a gidana ta gara ce. Na ɗauki gawayi na rubuta su a bangon zauren, gefen lambar mai taki da ta mai gyaran injin ban-ruwa, inda muke rubuta komai.

Shekara biyu muryar na cikin aljihuna. Nakan buɗe in dubi alamar, minti uku da ɗan wani abu, in rufe. Tsoro nake ji kada ta ce ta yafe, tsoro nake ji kada ta ce ba ta yafe ba. Ban san wanne ya fi ba.

Ana cikin haka wayar ta suɓuce daga aljihun gaba ta faɗa rijiyar fadama. Na sayi wata a kasuwa, na rubuta kalmar sirri, ta ce in duba ɗaya wayar, wato ta ƙanena. Na ce ba komai, in na yanke shinkafa na leƙa Gwandu. Kiransa ma ban yi ba, don kada ya ce ashe ina so in ji.

Kafin in je, zazzaɓin kwana uku ya ɗauke ƙanena. Wannan karon na iso da wuri. Matarsa ta miƙo mini wayarsa ta bayan labule, ta ce, "Yaya, riƙe wagga, sai kira take yi, ba ni iya ji." Na jefa ta aljihu tare da tawa.

Ni da liman muka yi masa wanka. Da na kama hannunsa na dama zan zuba ruwa, sai na ga yatsan. Santsi, mai zane a fili, yatsan da bai san lauje ba. Wayoyin nan biyu suna jikina, nauyinsu na ja mini riga. Abin ba zai ɗauki minti ɗaya ba. Na tsaya riƙe da hannun, ina lissafin yadda zan juya wa liman baya.

"Bawan Allah, saki hannun," in ji liman. "Jama'a na jira, rana na yi."

Na saki. Ban sani ba ko tsoron Allah ne ko kunyar liman. Kafin azahar mun rufe shi.

Washegari na tuna da bango. Na shiga zaure da sauri, sai na tarar da shi sumul. Ni da hannuna na yaɓe shi bara kafin damina, da na zo taya ƙanena gyaran gida, ina yi ina mitar cewa ɗan boko ko kwaɓa ƙasa bai iya ba. Na ɗauko wuƙa na shiga kankara. Gawayin ya bi lakar ya fita. Na sami wani abu kamar bakwai, da rabin uku, ko takwas ne.

Na kai wayarsa wurin mai gyara a Birnin Kebbi. Ya ce in ba yatsa sai lambar buɗewa, kuma matar ba ta san ta ba. Zai iya wanke wayar ta koma sabuwa, amma kullen zai tafi da wankin. Na gaya masa abin da na so yi wajen wanka. Ya dube ni, ya ce, "Baba, da wuya ma ta karɓi yatsan mamaci." Da wuya ya ce. Bai ce ba za ta karɓa ba.

Matar ta bar mini wayar. Tana kan taga a ɗakina na Kalgo, ina kai ta caji duk ranar kasuwa, mai cajin har ya daina tambaya. Wani lokaci bayan la'asar in na dawo daga fadama, nakan rubuta kalmar sirrin a tawa. Sai tasa ta yi haske, ta girgiza a kan taga, tana jiran mai ita ya amsa cewa ni ne. Nakan ɗora nawa yatsan. Ta ce ba ta gane ni ba.