Iya Asibi da Zakaran da Ta Kife a Kwando

Daga Allah muke, kuma wurinSa ne makomarmu. Ranar Litinin, tara ga watan Disamba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Iya Asibi ta Badafi, a ƙasar Kiru. A lambunta na bakin rafi ta faɗi, tana tsaka da ban ruwan albasa. Matan da ke wanki a gangare suka ɗauko ta, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. An yi mata sutura bayan azahar. Ta bar 'ya'ya biyu, Bushira da ke aure a Tudun Wada da Ismail mai faci a Kwanar Dangora, da jikoki tara, da yayarta Hajiya A'isha ta Ɗansoshiya.

Iya, yau kwana goma sha ɗaya da rabuwarmu. Na so in rubuta alherinki kawai in ajiye alƙalami. Amma kajinki suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma ina tsoron abin da ke kashe su ya riga ya fita daga gidanki. Zan faɗi alherin, zan kuma faɗi wannan, domin da kina raye shi za ki fara faɗa.

Shekara shida ke nan da aka turo ni sakandaren garin nan in koyar da aikin gona. Na zo da akwati cike da littattafai, alhali ban taɓa riƙe kaza da hannuna ba. A sati na biyu zazzaɓi ya kwantar da ni a ɗakin da ban san kowa ba. Ke kika yi sallama, ɗauke da miyar alayyahu da dafaffen ƙwai guda huɗu, kika tsaya a kaina kika ce, “Ke ce malamar gonar? To tashi ki ci abin gona.” Tun daga ranar na samu uwa a Badafi.

Daga baya na riƙa kawo miki ɗalibaina aji guda. Abin da nake kwashe mako ina zanawa a allo, ke kya nuna shi kafin ka ce kwabo. Ki jefa ƙwai a ƙwaryar ruwa su ga wanda ya nutse da wanda ya taso. Ki barbaɗa toka a akurki saboda ƙuma. Ki jiƙa ganyen darbejiya ki yayyafa wa kabeji, tsutsa ta kama gabanta. Ba ki taɓa sallamar su hannu wofi ba, ko gauta ne kowa sai ya tafi yana tauna. Matan ruga ma sun san ƙofarki. Sukan kawo nono su karɓi yakuwa da tumatir, in kuma rani ya tsananta nonon ya ɗauke, kya cika musu ƙwarya duk da haka ki ce, “Ku gaishe da saniyar, na san da damina za ta tuna da ni.”

Kajinki irin gida ne, wake-wake masu gajerun ƙafafu. Uku mahaifiyarki ta sako miki a kwando daga Doguwa ranar da aka kawo ki Badafi, fiye da shekara arba'in da suka wuce, kuma duk na gidanki zuriyarsu ne. Babu amaryar da aka kai ɗaki a unguwarmu ba ki aika mata da budurwar kaza ba. Babu mai jegon da ba ta sha romon zakaranki ba.

Doka ɗaya gare ki wadda ba ki sassauta wa kowa. Duk tsuntsun da ya shigo daga waje, na kasuwa ne ko na kyauta, sai ya yi sati biyu kife a ƙarƙashin kwando a bayan rumbu, da kaskonsa da tsabarsa daban. Shi kike ciyarwa a ƙarshe, sannan ki wanke hannu da sabulu. Maƙwabta suna yi miki dariya, suna cewa a gidan Iya kaza ma takaba take yi. Amma sau biyu a zamana cutar kajin nan da muke kira fakat ta share unguwa, akurki bayan akurki, gidanki kaɗai ta tsallake.

Saboda haka ne ba ki taɓa kai tsuntsu mai rai bajekolin amfanin gona da ake yi a Kiru bayan kaka ba. Kabewa kike kaiwa, da albasa da latas. Ni ce na matsa miki a bana. Na ce ina so ɗalibaina su ga irin gida ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da kajin gidan gona. Sau biyu kina ƙi. A na uku kika ce, “To, don yaranki.”

Ranar Asabar, bakwai ga wata, muka tafi da babban zakaranki. Fili ya cika, ga tulin doya da dawa, ga kejin kaji jere daga wannan rumfa zuwa waccan. Alƙalai suka ɗaga shi, suka buɗe fiffikensa, suka ba shi na ɗaya. Kyautar butar ban ruwa ce sabuwa. Ɗalibaina suna ta tafi, ni kuma bakina ya ƙi rufuwa. Ke ko alƙalan ba ki kalla ba. Sai a mota, muna komowa, kika taɓa ni.

“Juwai, kin ga farar kazar da ke kejin kusa da namu?”

Na ce, “Na gan ta, Iya. Barci take.”

“Kaza ba ta barci da rana tsaka a cikin hayaniya irin wannan. Kuma mai raba ruwan nan da gwangwani ɗaya ya bi mu duka.”

Muna isa gida kika wuce da shi bayan rumbu, kika kife shi, kika ɗora dutse a kan kwandon. Kika ce masa, “Ranka ya daɗe, ka ci na ɗaya, amma sai ka yi takabarka.” Bayan kwana biyu kika rasu.

Da la'asar ɗin ranar da aka kai ki, tsakar gida ta cika da mata masu gaisuwa. Sai zakaran ya yi cara daga bayan rumbu. Hajiya A'isha ta dogara sandarta ta je ta leƙa, ta ce, “Subhanallahi! Baiwar Allah tana makwancinta, an bar mata dabba a tsare? So kuke a tambaye ta haƙƙinsa?” Da hannunta ta ture dutsen. Ina zaune a tabarma, taku uku tsakaninmu, kuma na san dalilin kwandon fiye da kowa a gidan. Amma tsohuwa ce da ta haura tamanin, wadda aka binne ƙanwarta a ranar, mata kuma suna ta sa mata albarka. Na ji nauyin in ce mata a'a a gaban mutane. Na yi shiru. Ina kallo ya karkaɗe jikinsa, ya tafi kai tsaye kaskon da sauran suke sha, ya tsoma baki.

Ba na ganin laifin Hajiya. Ƙaunarki ce ta sa ta, da tsoron kada a kama ki da abin da ba ki gama ba. Wadda ta sani ta yi shiru ita ce mai laifi.

Ranar Alhamis zakaran ya yi sukuku ya ƙi tsaba. Ranar Asabar aka same shi a mace, wuyansa a murɗe. Kashegari kaji biyu suka tsaya a inuwar rumbu, fiffike a sake, suna koren kashi. Malamin dabbobi ya zo ya duba, ya ce fakat ce. Ya ce a binne matattun da zurfi, a yi wa na maƙwabta rigakafi, kuma ko ɗaya kada ta fita daga gidan.

Litinin aka yi sadakar bakwai. Da na shigo bayan an shafa addu'a, na tarar an ɗaure ƙafafun kajinki an kasa su uku: na Ɗansoshiya, na Tudun Wada, na Kwanar Dangora. Ba kwaɗayi ba ne. Kowa so yake ya ga wani abu naki yana yawo a tsakar gidansa. Wannan karon na durƙusa a gaban Hajiya, na faɗi komai, tun daga farar kazar Kiru.

Bushira ta rungume wata budurwar kaza tana kuka. “Malama, ko wannan ɗaya? Dube ta fa, lafiyarta ƙalau. Irin kakata ne, in suka ƙare a nan shi ke nan.”

Na ce, “Yaya Bushira, zakaran ma lafiyarsa ƙalau ranar da ya ci na ɗaya. In ta shiga gidanki da ita, duk unguwarku za ta ji.”

Hajiya ta dubi kajin da ke ɗaure. Can ta ce, “Ni na ɗaga kwandon nan.”

Na ce, “Ni kuma na gani na yi shiru, Hajiya.”

Ta share idonta da bakin mayafi ta ce, “Ku kwance su. Asibi ba ta taɓa kai wa kowa cuta ba tana raye.”

Bushira da kanta ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kwance igiyar. Na ɗauka an gama. Sai Ismail, wanda ya ji maganar daga zaure, ya tsaya a bakin ƙofa kansa a sunkuye. Ya ce tun ranar Juma'a ya ɗauki biyu a babur, ya yi miki sadaka da su bayan an sauko masallaci a Kwanar Dangora. Ɗaya ya ba wani malami, an yanka ta a ranar. Ɗayar kuma ya miƙa wa wata mata mai goyo da ke jiran motar Doguwa. Ta yi ta yi miki addu'a, ta ce kiwo za ta yi da ita. Bai tambayi sunanta ba, don sadaka ce.

Ranar Talata muka je tashar ni da shi. Mun tambayi direbobi da masu shayi da masu sayar da rake. Babu wanda ya san ta, babu wanda ya tuna inda ta sauka.

Cikin kaji talatin da huɗu da kika bari, sha ɗaya suka rage yau da safe, kuma biyu na gidan da ke bayan katangarki sun fara tsayuwar nan. Ina roƙon duk wanda wannan rubutu ya iske tsakanin Kwanar Dangora da Tudun Wada har Doguwa: in ka san matar da ta koma gida ranar Juma'a, sha uku ga wata, da kaza wake-wake mai gajerun ƙafafu, ka gaya mata ta ware ta, ta nemi malamin dabbobi tun kafin ta ga alama.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya A'isha, da Bushira, da Ismail, da jikoki, da mutanen Badafi, da matan ruga da har jiya suke zuwa gaisuwa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki.

Iya, ki yafe mini. Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya yalwata makwancinki, Ya sa kowane ƙwai da kowane damin ganye da ya fita daga hannunki ya tarbe ki a mizani. Ita kuma kazar da ke wani gida da ba mu sani ba, an bayar da ita ne don ladan ya kai gare ki. Ya Allah, Ka karɓi niyyar Ismail, Ka tsare gidan da ta sauka. Amin.

Juwairiyya Abdussalami, Badafi