Farin Dutsen Figil da Yaya Sale

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sale, makaniken da ke gyaran mota a gindin wata tsamiya kusa da kasuwar Garwa. A gida cewa muke yi mota ce ta faɗo masa. Gaskiya ne, amma ban taɓa faɗa wa Inna, mahaifiyarmu, yadda aka yi ya shiga ƙarƙashinta ba.

Lokacin ina ajin ƙarshe a lise, wato sakandare. Wani dillalin shanu, Alhaji Buba, ya kawo akori-kurarsa, ya ce in ta ɗau kaya ba ta iya hawan tudun Mayo-Ulo. Yaya ya ce a rage mata kaya kawai. Ni da ba na iya ɗaga ido a gaban manya, ranar na buɗe baki. Na ce na karanta a wani littafin Faransanci cewa in an ciro fon, wato tukunyar giyar da ke tsakanin ƙafafun baya, aka sa mai haƙora da yawa, gudu zai ragu amma ƙarfin ja zai ƙaru. Na ƙirga haƙoran sau uku, na buga lissafina.

"Alhaji, ka ji malamin takarda," in ji Yaya yana dariya. "Yau ni ne ɗalibi."

Kututturan da yake tokare mota da su suna ƙarƙashin wata babbar mota, sai ya ɗauko farin dutsen da direbobi ke kawowa daga garin Figil suna zubarwa, ya tokare akori-kurar da shi. A ido kamar ƙarfe yake. Ina tsaye ina karanto masa aikin daki-daki: ya tsiyaye mai, ya kwance sandar da ke juya fon, ya zare ƙarafan ƙafafu. Littafin bai ce komai game da dutse ba, don masu rubuta shi ƙafar ƙarfe suka sani ta tokare mota. Da ya rungumi tukunyar ya fizgo, dutsen ya tsage.

An ce rashin sani ya fi dare duhu. Ni ɗan sanin da na yi ne ya cuce ni.

Yanzu ina jami'a a Yawunde. In na zo hutu nakan ga kwalta ta miƙe har Marwa, direbobi na neman giyar gudu, ba ta ja ba. Da Yaya na nan, na san zai girgiza kai ya ce sauri ya haifi nawa. Ko zai sake yarda da lissafina, ban sani ba.

Bara na ga wani makanike, kafin ya kwanta ƙarƙashin mota, ya dafa ta da hannu biyu ya girgiza da ƙarfi. Na tambaye shi dalili. Ya ce haka ubangidansa ya koya masa, tun da mota ta danne wani Sale. Bai san ni ba, ban kuma faɗa masa ba.

Inna ba ta karatu. Gobe in Allah ya kai mu, ni zan karanta mata wannan da bakina. Allah ya jiƙan Yaya.