Falon Glenys

Glenys Hoddinott maƙwabciyata ce a unguwarmu ta gefen birnin Adelaide, katanga ɗaya ce tsakaninmu tun muna amare. Tsaftarta ta wuce misali. Ciyawar ƙofar gidanta kamar an aske ta da reza, motarsu kuwa duk Asabar sai mijinta Neville ya wanke ta, ko da ba ta je ko'ina ba.

Abin alfaharinta shi ne falon gaba: farin kafet, fararen kujeru, da kabad na gilashi cike da kofunan da ba a taɓa shan shayi da su ba. Ranar Kirsimeti kaɗai ake buɗe shi, shi ma sai ka cire takalmi. Sauran shekara a kicin suke rayuwa. Ba ni da bakin yi mata dariya, don ni ma ina da irinsa. Duk layinmu haka muke, kowa na leƙen labulen kowa.

Neville bai daɗe da yin ritaya daga kamfanin inshora ba shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. Likita ya ce zai iya komawa gida, amma shi da hawa bene har abada, ɗakin kwanansu kuwa a sama yake. Sai an sa masa gadon asibiti a ƙasa, an kuma yi gangara a ƙofa saboda keken guragu. Ɗaki ɗaya ne a ƙasan zai ɗauki gadon, kun kuwa san wanne ne.

'Yarsu Kerryn ta zo daga Melbourne. Ina kicin ɗin suka yi cacar baki ita da uwarta.

"Mama, a fitar da kujerun nan mana. Baba gida yake so."

"Ke, kin san abin da tayar keke za ta yi wa kafet? Ga gangarar katako a ƙofa, duk mai wucewa ya ɗauka gidan gajiyayyu ne."

"To wa kike ajiye wa falon? Gwamna ne zai zo shan shayi?"

"Zamansa a gidan kula da tsofaffi na ɗan lokaci ne fa, ki daina ɗaga min murya."

Aka kai shi gidan kula da tsofaffi. Kada wani ya ce ba ta ƙaunarsa. Kullum tana can, da gogaggiyar rigar barci da kek ɗin ayaba. Shi kuma tambayarsa ɗaya ce: yaushe? Yau ta ce sai an samo ledar rufe kafet, gobe ta ce sai kafinta ya ƙera gangarar da za a iya cirewa idan za a yi baƙi. Abin ya ishe ni, na ce, "Glenys, ki ji tsoron Allah, mutumin nan ƙarewa yake yi." Ta daina gaishe ni har hunturu ya wuce.

Wata safiya ta buga min ƙofa, idanunta jajir. Ita kaɗai ta ja kujerun zuwa gareji, gadon ma an kawo. Ta roƙe ni in raka ta wurin Neville, na kuwa ji tausayinta har cikin raina.

Muka tarar da shi a bakin taga, ya rame, an taje masa gashi ba yadda yake so ba. Ta durƙusa ta riƙe hannunsa mai lafiyar.

"Neville, na gyara ɗakin. Gobe za ka koma gida."

Ya dube ta da ladabinsa na mutumin ofis, ya zare hannunsa a hankali.

"Na gode, baiwar Allah, amma ba zan bi ki ba. Matata ce za ta zo ta ɗauke ni. In na tafi ta zo ba ta same ni ba fa?"

Haka ya faɗa washegari, haka ya riƙa faɗa duk ranar da ta koma, har ya rasu a can.