Hannun da ke toshe fangali

Jiya ina ban ruwan albasa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tuna mini da marigayi Kawu, wanda ya yi aikin likita a Tamaske kafin ya koma noman garka.

Shekarar da maigidana ya tafi Libiya muka ji shi shiru, barci ya ƙaurace mini. Na fara shan ƙwayar barci ta kasuwa, ɗaya ta koma biyu. Kawu bai yi mini faɗa ba. Ya kira ni garka, ya tsuguna, ya ɗebi laka ya toshe bakin fangali, ruwa ya daina shiga cikin albasa.

Ya ce, "Ɗiyata, ƙwaƙwalwa na da nata hannu mai toshe ruwan tunani hakanga. Ƙwayar ga ba ta kawo kwana, hannun taka ƙara ma ƙarfi. In aka daɗe ana sha, shi saba, shi kasa aiki shi kaɗai. In ta yi yawa, har magudanar numfashi shi toshe."

Da kansa ya riƙa rage mini ita kaɗan-kaɗan. Kowace safiya sai ga shi da laka a ƙafa, yana tambaya, "Kin samu kwana?"

Na samu, Kawu. Allah ya sa naka kwanan ya fi nawa daɗi.