Dariyar da na yi a aji uku

Shekarun baya can, lokacin da na fara koyarwa a wata firamare kusa da Shahuci, aka ba ni aji uku. Sabuwar malama ce ni, babban burina kawai yara su so ni. Kullum ina raha da su, har ina ganin na fi tsofaffin malaman iya riƙe aji.

A ajin akwai wata yarinya mai in'ina, 'yar shiru-shiru, a bencin baya take zama. Wata rana na ce ta tashi ta karanta, sai ta maƙale a kalmar tattabara, ta yi ta "ta-ta-ta" ta kasa wucewa. Wani yaro mai bakin tsiya ya kwaikwaye ta, har da runtse ido yadda take yi. Aji ya kwashe da dariya. Ni ma, Allah Ya yafe mini, dariyar ta suɓuce mini. Na ce su yi shiru, amma da murmushi a fuskata na faɗa.

Daga ranar sunanta ya koma Tatata. In an tashi tara sai su kewaye ta suna tafi suna rera sunan, in an tashi gida su raka ta da shi har lungunsu. Duk ban sani ba. Na dai ga ta fara fashi, na ɗauka lalaci ne.

Bayan kamar sati uku mahaifinta ya zo, wani dattijo maɗinki. Bai nufi ofishin hedimasta ba, ni ya nema. Muka gaisa a tsanake, sannan ya ce kullum da safe sai yarinyar ta ce cikinta na ciwo, har sun kai ta asibiti ba a ga komai ba. Da ƙyar mahaifiyarta ta lallashe ta ta faɗi gaskiya. Shi kuma ya ce mata zai zo ya sanar da ni.

"Sai ta ce mini, 'Baba, kar ka je, ai Malama ma dariya ta yi.' Ban zo faɗa ba, Malama. Na zo ne ki sani."

Na rasa inda zan sa fuskata. Yana tafiya na je na gaya wa hedimasta komai, na ce gobe sai na zane yaron nan. Ya dube ni ya ce to ni kuma wa zai zane ni? Ya ce za a kira iyayen waɗanda suka fi matsa mata, a kuma sa malami ɗaya ya riƙa tsayawa a fili lokacin tara. Sauran gyaran kuwa nawa ne.

Ranar da ta dawo na ja ta gefe na ba ta haƙuri, na tambaye ta ko ta yarda in maimaita a gaban aji. Ta ɗaga kai alamar ta yarda. Na tsaya na ce musu na yi laifi ranar da na yi dariya, kuma daga yau duk mai karatu za mu jira shi har ya gama, ko zai kai ƙarfe nawa. Yaran ba su taɓa jin babba ya ce ya yi laifi ba.

Sunan bai mutu nan take ba, sai da ya ci kusan zango guda. A hankali ta daina fashi, ta yi ƙawaye, tana karatu muna jiranta. Amma har ta gama aji shida ba ta saki jiki da ni ba. Za ta rusuna ta gaishe ni cikin ladabi, ta wuce.

A lokacin abin ya yi mini ciwo, don na ɗauka haƙurin da na bayar ya wanke ni. Yanzu na gane ba dole ba ne yaro ya mayar maka da yardar da ka zubar da hannunka. Har yau ina koyarwa, kuma duk sabon malamin da aka turo mana, kafin in nuna masa ajinsa sai na zaunar da shi na ba shi wannan labarin, ba na kuma ɓoye masa cewa ni ce malamar.