Ruwan Gishirin da Laraba Ba Ta Tura Ba

Shekara ashirin da uku Laraba Ari ta yi tana aikin share-share a wani asibiti a nan Potiskum. Ita ce kwashe fo, ita ce wanke zanen gado mai jini, ita ce danne yaro idan za a yi masa allura. Kullum da ƙafa take tafiya daga unguwar Yerimaram, rigar aikinta a leda don kada ta ɓaci a hanya. Ba ta yi boko ba, amma tana da ido. Kallo ɗaya za ta yi wa ledar ƙarin ruwa ta faɗa maka lokacin da za ta ƙare.

Idon nan ne ya jawo mata. A shekararta ta biyu, ruwan wata tsohuwa ya ƙare, jini ya fara hawowa cikin robar, ga shi babu nas ko ɗaya a kusa. Laraba ta rufe ruwan ta sauya sabuwar leda, yadda ta ga ana yi kullum. Daidai ta yi, tsohuwar har albarka ta sa mata. Sai ga matiron, shugabar nas-nas. Ta tsayar da ita a tsakiyar ɗakin mata, gaban marasa lafiya da 'yan dubiya, ta wanke ta tas.

"Ke wace ce? Tsintsiya aka ba ki ko sirinji? Abin da aka ce ki yi shi za ki yi, ba ƙari ba ragi!"

Aka dakatar da ita mako biyu. Ta dawo ta zama irin ma'aikaciyar da manya suke so. Ko tagar ɗaki ba ta buɗewa sai an ce ta buɗe. Shekara da shekaru ana yabonta, wai Laraba ba ta da rawar kai. An kashe wa mace tunani, an zo ana ce mata madalla.

Mijinta Malam Ari, mutumin Barno ne mai sayar da buhuna, ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Mubaraka. Da wankin fo Laraba ta kai yarinyar har kwalejin horon malamai, ta fito tana koyarwa a wata firamare a Yindiski. Mubaraka mai baki ce, ko uwarta ba ta tsira daga tsokanarta ba.

A farkon 1994 zazzaɓi ya kama Mubaraka ya ƙi saki, dasashinta yana jini. Aka yi ta yawo har wani asibiti a Kano, can aka ce kansar jini ce. Maganin da ake ɗura mata ya ƙone jijiyoyin hannunta kaf, a soka nan a soka can babu. Sai likitan ya huda ƙasan ƙashin wuyanta ya zura siririyar roba har cikin babbar jijiya, ya bar bakinta a waje da murfi. Ta nan ake ba ta magani, ta nan ake ƙara mata jini. Ya faɗa musu ƙarara cewa su riƙe robar nan da kyau, don jikinta ba lalle ya ɗauki sake hudawa ba.

Da za a sallame su su koma gida na mako uku, wata sista ta zaunar da Laraba ta koya mata wanke robar. A wanke hannu, a goge bakin da sifirit, a zuƙi ruwan gishiri daga leda, a haɗa da ɗan maganin hana jini daskarewa, hefarin sunansa, a tura a hankali. Bayan kowane kwana biyu. In ba a yi ba jini zai daskare a ciki ya toshe ta.

"Kin ji ko, Iya? Da hefarin. Kada ki yi min dabarar ƙauye, kada ki sa komai sai abin da na nuna miki."

Laraba ta ce ta ji. Sistar ba ta ce mata ga abin yi idan hefarin ya ƙare ba. Minti ɗaya zai ɗauke ta. Ita kuma Laraba, wadda aka hana tambaya tun tana da ƙuruciya, ba ta tambaya ba.

Suka dawo da kwalin ledojin ruwan gishiri da 'yan ƙananan kwalaben hefarin. Laraba ta ɗauki hutu. Ta ware tire guda da faranti mai murfi, babu mai taɓawa. Mubaraka tana kwance a tabarma tana kallonta.

"Iya, ashe ke likita ce ake ɓoye mana. Sai mu kafa allo a ƙofar gida."

"Rufe min baki kada ki motsa."

"Dokta Laraba, mai gyaran famfo."

"Allah ya shirye ki. Juya kanki can, kada ki yi numfashi a kai."

Ana cikin haka ma'aikatan mai suka shiga yajin aiki. Damina ce, ga ruwa ga taɓo, fetur ya yi ɓatan dabo. Tasha ta zama fili, 'yan acaɓa suka jingine baburansu. Ranar komawa Kano ta zo ta wuce. Bayan kwana huɗu kwalbar hefarin ta ƙarshe ta ƙare.

Laraba ta kira ƙanenta Babayo, direban motar haya ne, motarsa na fake a gindin darbejiya babu ko ɗigo. Ta ba shi kwalbar da ba komai. Ya zaga kemis-kemis na garin nan da ƙafa, wasu ma ba su taɓa jin sunan ba. Ita ta je wurin aikinta da kanta. Mai kula da ɗakin magani ya juya kwalbar ya ce ba su da shi. Ta tsaya bakin ofishin likita tun hantsi har azahar, nas ɗin da ke ƙofa tana ce mata, "Laraba, ke ma kin san ba a shiga haka." Likitan ya fita ta ɗaya ƙofar. Shekara ashirin da uku, ba ta samu minti biyu ba.

Ranar wanke robar ta zo. Laraba ta wanke hannu, ta jawo tire, ta zauna. Ga ledojin ruwan gishiri nan cike da kwali. Zuciyarta ta ce mata ruwa ai ruwa ne, in yana wucewa ta robar jini ba zai samu wurin zama ba. Ta ga haka a hannun marasa lafiya ba sau ɗaya ba. Har ta zuƙa a sirinji.

Babayo yana bakin ƙofa ya ce, "Yaya, ki tura mana. Ba gwamma shi da babu ba?"

"An ce da hefarin."

"To ai babu."

"Wannan robar zuciya take zuwa, Babayo. In na tura na kashe ta fa? Wa ya ce in yi?"

Mubaraka ta ce, "Ni na ce, Dokta. Ai ƙirjina ne."

Laraba ba ta yi dariya ba. Ta daɗe riƙe da sirinjin, sannan ta fita ta tsiyayar da ruwan a bakin magudana. Ta canza auduga da fulasta, ta goge bakin robar da sifirit har yana ƙyalli. Haka ta yi bayan kwana biyu, haka ta sake yi. Waje tsaf-tsaf, ciki kuwa Allah kaɗai ya sani.

Babayo ya hau bayan wata tirelar shanu zuwa Jos neman maganin. Kwana tara da ƙarewar maganin ya dawo da kwalba biyu a aljihu, ƙafafunsa a kumbure. Laraba ta haɗa, ta yi bismilla, ta tura. Sirinjin ya tsaya cak. Ta ja baya, ko ɗigon jini bai biyo ba. Ta sake gwadawa a hankali, don an ce kada a danna da ƙarfi. Babu.

"Iya, yaya?"

"Babu komai. Kwanta."

Mubaraka ta kalli fuskarta, ba ta sake tsokana ba.

Sai bayan mako guda Babayo ya haɗa galan-galan na fetur wurin 'yan bumburutu suka kai Kano. Likitan ya gwada da kansa, ya girgiza kai. Ya tambayi yaushe rabon da a wanke. Laraba ta faɗa masa, ta faɗa masa dalili.

"Ruwan gishirin fa? Shi ma ya ƙare ne?"

"Yana nan, ranka ya daɗe."

"Haba, Iya! Ai ko shi zalla kika riƙa turawa, da wuya ta toshe. Ke da aka ce a asibiti kike aiki, wannan ma sai an faɗa miki?"

Ku ji fa. Sai an faɗa mata. Sistar da ta koya mata tana tsaye a wurin tana gyara zanen gado, ko ɗagowa ba ta yi ba. Laraba ta buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "A yi haƙuri."

Aka zare robar. Aka duba jinin Mubaraka aka ce in an sake huda ta ba zai tsaya ba. Suka nemi jijiya a hannu, a ƙafa, kwana uku, yarinya ta zama duk shaidar allura. A rana ta huɗu ta ce wa uwarta, "Iya, kai ni gida. Na gaji da mutanen nan." Likitan bai hana ba.

A hanya Laraba ta ce wa Babayo ya maimaita mata abin da likitan ya faɗa, ko ita ce ba ta ji daidai ba. Ya ce, "Yaya, ki bar maganar nan." Ta ce ya maimaita. Ya maimaita.

Mubaraka ta rasu bayan kwana goma sha tara, ranar Talata da hantsi, ana yayyafi. Gogo, tsohuwar da ke wankan gawa a unguwar, ta ce uwa ta jira a waje kamar yadda aka saba. Laraba ta ce a'a. Babu wanda ya taɓa jin ta ce a'a, sai aka ba ta hanya ta shiga. Da aka gama wankan ta ciro auduga da fulasta ta rufe ramin da ke ƙasan wuyan 'yarta, wanda har ranar bai haɗe ba.

Gogo ta ce, "Laraba, wannan kuma na mene ne? Ai ta wuce nan."

Ta ce, "Na sani." Ta danne gefen fulastar da babban yatsa har sai da ta kama, sannan ta bari aka ja likkafani.